Harshen Oskan da Makomar Auyakawa

Masana tarihin harsuna sun lura cewa sau da yawa harshen da ke haɗiye wani, ɗan'uwansa ne na jini. Misali biyu sun isa, ɗaya daga Italiya, ɗaya daga gabashin ƙasar Hausa.

Kafin Rumawa su yi ƙarfi, yawancin kudancin Italiya da harshen Oskan ake magana, musamman a bakin Samniyawa mazauna duwatsu. Oskan da Umbriyanci reshe ɗaya ne a dangin harsunan Italik, Latin kuwa yana ɗaya reshen. Zumuncinsu a fili yake: kalmar tambaya "wa?" ita ce quis a Latin, a Oskan kuwa pis. Suna da baƙaƙensu da suka aro daga Etruskawa, suna rubutu daga dama zuwa hagu kamar ajami. Dokokin garin Bantiya ma an zana su da Oskan a kan allon tagulla.

A shekara ta 91 kafin haihuwar Annabi Isa ƙawayen Rum suka yi mata tawaye. An ci su da yaƙi, amma aka ba su 'yancin zama Rumawa, kuma wannan kyauta ita ta ƙarasa harshen. Shari'a da muƙami da aikin soja duk suka koma Latin, iyaye suka ga ba riba a koya wa yaro Oskan. Sa'ad da dutsen Besubiyas ya binne Pompeii a shekara ta 79 Miladiyya, ragowar rubutunsa na nan a jikin bangaye, toka ta adana shi.

Haka ta faru ga harsunan Auyakawa da Shirawa da Teshenawa. 'Yan dangin Cadi ne kamar Hausa, sai dai sun fi kusa da Bade da Ngizim na jihar Yobe, kamar yadda Russell Schuh ya nuna a 2001. Bayan jihadin da aka fara a 1804, Auyo ta shiga ƙarƙashin Haɗeja, Shira ta koma ta Katagum. Kasuwa da makarantar allo da auratayya suka yi aikin da kotun Rum ta yi, har zuriyarsu ta wayi gari tana Hausa.

Amma fa rabonsu bai zo ɗaya ba. Oskan ya bar ɗaruruwan rubuce-rubuce da masu shi suka yi da hannunsu, har an iya tsara nahawunsa. Waɗannan uku kuwa, abin da ya rage gajerun jerin kalmomi ne da baƙi suka tattara.