Ciwon Daji: Daga Masu Sassaƙe Zuwa Asibitin Ƙasa

Jama'a, a garuruwanmu na asali, idan kumburi ya fito wa mutum ya ƙi fashewa, ko gyambo ya ƙi warkewa, sai manya su rage murya su ce daji ne. Aka kuma gina mu a kan cewa wai daji ba ya son allura, don haka sai a guji asibiti a nufi masu sassaƙe da saiwa. Da wannan imani muka ɗauko kayanmu muka zo Abuja.

To, mene ne shi? Likitoci sun ce jikin ɗan Adam ƙwayoyin halitta ne, masu haihuwa da mutuwa bisa ƙa'idar da Allah Ya tsara. Idan wasu suka ƙi tsayawa, suka yi ta hayayyafa, sai su taru su zama ƙari. Wani ƙarin zaune yake wuri ɗaya, kamar curin kitse a ƙarƙashin fata, a yanke shi a huta. Wani kuwa yaɗo yake yi kamar kabewa, ya bi jini ya sauka a hanta ko huhu ko ƙashi. Wannan shi ne dajin, ko sankara. Ido ba ya raba su, sai an gutsuri ɗan naman an duba a madubin likita.

Sanin bai zo rana ɗaya ba. A 1958 wani likita, Denis Burkitt, ya bayyana dajin da ke kumbura muƙamuƙin yara a Uganda, a 1964 kuma aka gano ƙwayar cuta a cikinsa. A 1960 aka fara rajistar masu ciwon a Ibadan. A shekarar ce talotalo sama da 100,000 suka mutu a Ingila bayan cin abincin da aka haɗa da gyaɗa mai fumfuna, aka bi diddigi aka gano gubar da ke jawo dajin hanta. Nan fa maganar ta shigo rumfunanmu, mu masu ajiye gyaɗa da masara a shago mai laima, mu kuma sayar da ta ɓacin a kan araha.

Lokacin da gwamnati ta tare a Abuja a 1991, wanda aka rubuta wa gashi sai ya kama hanyar Legas ko Ibadan. A 1999 aka buɗe Asibitin Ƙasa a nan Abuja, inda aka sami injin gashi. Tafiya ta ragu, amma kuɗin bai ragu ba; duk wanda ya taɓa zagawa da takardar neman taimako daga Dei-Dei zuwa Karmo ya sani. Kuma galibi sai ciwon ya ci jiki ake kawo mana maganar.

Rasuwar Hajiya Maryam Babangida a Amurka a Disamba 2009, sanadiyyar dajin ƙwan mahaifa, ta sa matanmu da dama suka fara ambaton ciwon a fili.

A Oktoba 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin ƙwayar cutar da ke jawo dajin bakin mahaifa, kyauta, kuma Abuja na cikin rukunin farko. Allura ce guda ɗaya. A unguwanninmu akwai iyayen da suka miƙa 'ya'yansu, akwai kuma waɗanda suka ɓoye su a ɗaka.