Ɗakin da ya dafa ƙwai amma bai dafa mutum ba

A shekarar 1774 wasu masana a Landan suka fara wani gwaji da in ka ji za ka ce ganganci ne. Likita George Fordyce ya sa aka hura murhu a rufaffen ɗaki, shi da abokansa, cikinsu har da Charles Blagden da Joseph Banks, suka riƙa shiga suna auna jikinsu. Abin da suke son sani shi ne: idan iska ta fi jini zafi, jinin ma zai hau ne?

A 1775 Blagden ya shiga ɗakin da zafinsa ya kai kusan digiri 127 a ma'aunin Salsiyas. Ka tuna fa, a digiri 100 ruwa ke tafasa. Ƙwan da suka ajiye a ciki ya dahu cikin minti 20, naman sa ma ya gasu. Shi kuwa ya yi kusan minti takwas, ya fito zuciyarsa na dukan uku-uku amma lafiya lau. A gwaje-gwajen nan, zafin jikinsu bai yi nisa da digiri 37 ba.

Amsar tana cikin wani kwanon ruwa da suka ajiye a ɗakin. Duk wannan zafi, ruwan ya ƙi tafasa, sai da suka zuba mai ya rufe samansa. Wato muddin ruwa na tashi tururi, yana tafiya da zafi. Haka gumi yake yi a fatarka, haka kuma randa ke sanyaya ruwa. Blagden ya yarda gumi na taimakawa, sai dai ya ɗauka jiki mai rai yana da wani ƙarfi na daban na kashe zafi. Binciken baya bai gano irin wannan ƙarfi ba, gumin ne ke aikin.

Ga inda abin ya shafe ka. Da Fordyce ya shiga ɗaki mai tururi, wanda bai kai wancan zafi ba, zafin jikinsa ya hau, domin gumi ba ya bushewa a iska mai laima. Shi ya sa zafin gab da damina ya fi na tsakiyar bazara galabaitar da mutum. Gumin kuma daga ruwan jikinka yake fitowa, don haka kada ka jira ƙishi ya matsa maka. In ka ga wani cikin zafin rana jikinsa ya yi zafi zau yana sambatu, ka kai shi inuwa, ka jiƙa masa jiki, ka yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti.