Sintetaiza mai gunduwa-gunduwa: yadda ake haɗa kiɗa da kuran da lissafi

Duk wanda ya je buki a Agye, Gazawa ko Gidan Rumji a ƴan shekarun nan ya ga abin da ya canza. Da, in an sa ranar buki, masu kalangu da masu duma ake fara nema. Yanzu sono ake ɗaukowa haya, a sa kart memuwar, waƙoƙin sitidiyon Maraɗi da na Kano su yi ta tashi har dare. Wannan kiɗa ba fata a cikinsa, ba tsirkiya. Kuran ne ake sarrafawa ya zama sauti. Na'urar da ke wannan aiki sunanta sintetaiza, mu dai fiyano muke ce mata. To akwai wata irinta da ta girme wa fiyanon bukukuwanmu, wadda ake kira mai gunduwa-gunduwa, kuma ita ce masu haɗa kiɗa da lissafi suka fi so. Mun ga ya dace mu ajiye bayaninta a wannan shafi, don lissafin da ake yi da ita ya fi kusa da hannun makaɗanmu fiye da yadda ake zato.

Mene ne gunduwa-gunduwa?

Fiyanon Yamaha da muka sani an riga an haɗa komi a cikinta, an rufe. Ka danna maɓalli ta ba ka sarewa, ka danna wani ta ba ka ganga. Mai gunduwa-gunduwa kuwa akwati ce da ake jera ƙananan na'urori a ciki, kowace da aikinta guda, kuma ba su san juna ba sai ka haɗa su da gajerun wayoyi ta gaba. In kun taɓa ganin teburin mai cajin salula ranar kasuwa, to kamanninta ke nan. In aka zare wayoyin, sautin da aka gina ya tafi, sai an sake sabon haɗi.

Gunduwar farko ita ce uwar sauti: tana sa kuran ya riƙa kai da komo da sauri, lasifika ta maida shi amo. Ta biyu rariya ce, mai tace amon, ta rage masa kaifi ko nauyi. Ta uku kamar famfo take, tana buɗewa tana rufewa, ita ke sa sauti ya faɗo tau kamar bugun kalangu ko ya taso a hankali kamar goge. Sai agogo mai ba da bugu daidai-daidai, da mai jeri wanda ke cewa a bugu na kaza a yi murya kaza. Dukansu harshe ɗaya suke ji, wato ƙarfin kuran, volt.

Robert Moog ya nuna tasa a birnin New York na Amurka a 1964, a daidai lokacin da Don Buchla ke haɗa irin tasa a Kalifoniya. Manya ne, masu tsada, sai jami'o'i da manyan sitidiyo. Da ƙananan fiyano suka fito aka kusa mance da su, har sai da Dieter Doepfer na Jamus ya fito da ƙaramin tsari mai suna A-100 a 1995. Shi ake kira Eurorack yau, kuma kamfanoni da yawa na ƙera gunduwoyin da ke shiga akwati ɗaya.

Lissafin murya

Kowace murya tana da adadi. Muryar da mawaƙan Turai ke daidaita kayan kiɗansu da ita tana kaɗawa sau 440 a sakan ɗaya. In aka ninka ya zama 880, kunne zai ji murya ɗaya ce, sai dai ta hau sama, kamar yaro da babba suna rera waƙa ɗaya. Mai gurmi ya san wannan ko bai je lakwal ba: in ya danne tsirkiya a tsakiyarta, abin da yake samu ke nan. In ya bar kashi biyu cikin uku na tsawonta ya kaɗa, zai sami murya mai daɗin haɗuwa da ta farko, wato 3 bisa 2.

A tsarin Moog da Eurorack, ƙara volt 1 shi ne ninka muryar. Fiyano ta raba wannan tazara gida 12 daidai wa daida, kowane mataki ya fi na baya da kusan 1,059. Ga inda zancen ya shafe mu. Goge, kukuma da algaita ba su san wannan gida 12 ba, kunnen makaɗi ne ke yanke inda murya za ta tsaya, kuma sau da yawa tsakanin maɓalli biyu take faɗawa. Shi ya sa tsofaffi ke cewa waƙar gargajiya in an maida ta fiyano sai ta yi lami. Ba ƙiyayyar zamani ce kaɗai ba, akwai gaskiya a ciki. Mai gunduwa-gunduwa ba ta tilasta maka gida 12. Kana iya murɗa volt ɗin har ya dace da gogen garinku, ka raba tazarar gida 5 ko 7, ko ka bar muryar ta zame daga ƙasa zuwa sama yadda mai kalangu ke matse tsarkiya a hammata.

Rabon bugu: 3 cikin 8, 7 cikin 12

Nan ne abin ya fi daɗi. Ku ɗauka an yi ramuka 8 a zagaye, kamar na shuka, an ba ku iri 3, an ce ku raba su yadda tazara za ta yi kusan daidai. 8 ba ta rabuwa gida 3, don haka abin da zai yiwu shi ne tazarar 3, 3, 2. Ku ƙirga 1 zuwa 8 kuna maimaitawa, ku tafa a 1, a 4, a 7. Kafin ku zagaya sau huɗu ƙafa ta fara motsi, don kun san wannan bugu. Yana cikin kiɗe-kiɗen Afirka ta Yamma da dama, bayi sun ƙetara da shi Kuba, kuma yana ƙarƙashin waƙoƙin rawa da yawa da ake sawa a sono yau.

In aka raba 5 cikin 8, tafi zai faɗa a 1, 3, 4, 6, 7. In aka raba 7 cikin 12, ɗaya daga cikin jerin da ke fitowa shi ne tazarar 2, 2, 1, 2, 2, 2, 1. Wannan shi ne bugun ƙararrawar ƙarfe da Yarabawa da Ewe na Gana da Togo ke aza sauran ganguna a kansa. Wani abin mamaki, fararen maɓallan fiyano ma da wannan tazara aka jera su, baƙaƙen kuma 5 cikin 12 ne, irin muryoyi biyar da waƙoƙinmu da yawa ke yawo a kai.

Wanda ya fito da wannan a rubuce shi ne Godfried Toussaint, malamin ilimin kwamfuta a jami'ar McGill ta Kanada, a 2005. Ya lura cewa dabarar da wani injiniya mai suna Bjorklund ya yi don tsara lokacin harba kuran a wata babbar na'urar bincike a Amurka, iri ɗaya ce da dabarar Uklidis, masanin lissafin Iskandariya ta Masar, wanda ya rayu wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. Dabarar ita ce ta neman babbar lambar da ke raba lambobi biyu, wadda mushe ke koya wa yara a kwaleji. Daga nan masu ƙera gunduwoyi suka ɗauka. Yau akwai gunduwa mai maɓallin murɗawa uku: ramuka nawa, bugu nawa, daga ina za a fara. Saurayi a Berlin ya murɗa 12 da 7, abin da ke fito masa shi ne abin da makaɗa a nahiyarmu suka gada kaka da kakanni.

Akwai kuma rabon agogo. Ku tuna lugude: mata uku a turmi ɗaya, kowace taɓarya da lokacinta, in ɗaya ta yi kuskure sai a ji ƙwal. Haka agogon na'urar ke raba bugu ga gunduwoyi. In ɗaya na bugawa duk bayan 3, ɗaya duk bayan 4, ba za su sake haɗuwa ba sai a 12. In 5 ne da 7, sai a 35. A sa uku ko huɗu irin haka, kiɗa zai yi minti da yawa bai maimaita kansa ba, alhali lambobi ƙalilan ne aka ba shi. Abin da ake nufi da kiɗan lissafi ke nan mafi yawa. Wasu na ƙarawa da jerin lambobi irin su 1, 1, 2, 3, 5, 8, 13, ko su bar na'ura ta riƙa jefa ƙuri'a.

Amma kada a yi mana fahimtar cewa lissafi ya gama da makaɗi. Kalangu magana yake yi. Yana bin hawa da saukar muryar Hausa, ya kira sunan mutum, ya yi masa kirari, ya yi wa marowaci zambo. Tamburan Sarkin Gobir a Tibiri suna da take da ma'ana, ba rabon ramuka ba ne kawai. Kuma gwanin makaɗi yakan ɗan jinkirta bugu ko ya riga shi da gangan. Lissafi na ba da ƙashi, tsokar tana hannun mutum.

Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fage

Manya daga cikinmu sun sha jin wani sanyayyan kiɗa tsakanin shirye-shiryen Muryar Sahel da Tele Sahel ba tare da sanin mai shi ba. Mamman Sani Abdullahi ne. An haife shi a Akara ta Gana, ya yi aikin koyarwa, ya kuma yi aiki da UNESCO. A 1974 ya sayi wata fiyanon lantarki ƙirar Italiya mai suna Orla daga hannun wani wakilin ƙasar Ruwanda. A 1978 ya ɗauki kiɗansa a gidan rediyon ƙasa a Yamai, yana aza bugu a kan bugu, da yawa daga ciki kuma daga waƙoƙin gargajiya na Wodaɓe da Buzaye ya ɗauko su. Kaset kusan 100 kawai aka buga. Sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi da sunan La Musique Électronique du Niger, daga nan Mamman Sani ya shiga yawon wasa a Turai.

Orlarsa ba mai gunduwa-gunduwa ba ce, gara mu faɗa. Amma tafiyar kiɗan, ɗan gajeren jeri da ke zagayawa yana canzawa kaɗan-kaɗan, ita ce masu waccan na'ura ke nema, shi ya sa suke girmama shi. Bayansa akwai Hama na Yamai, wanda ya fara da tsohuwar Yamaha ya koma kwamfuta, ya fitar da Torodi a 2015 da Houmeissa a 2019. A maƙwabta kuma akwai Francis Bebey na Kamaru da William Onyeabor na Enugu, duk tun shekarun 1970. Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne shekara 35 da aikin Mamman Sani ya yi kafin duniya ta ji shi, kuma da kaset ɗin ya lalace da ƙura, da wataƙila shi ke nan.

Ga mai son gwadawa a nan

Akwatin gaske tana da tsada, cikakkiya tana iya fin kuɗin sabon moto, kuma sai an yi odarta daga waje. Tana aiki da volt 12, amma kada a ce za a jona ta kai tsaye da batirin sola, don tana son 12 na sama da 12 na ƙasa, sai da tata na'urar ba da wuta. Zafin watan Afrilu na sa uwar sauti ta kauce daga muryarta, ƙurar hunturu kuma na shiga ramukan wayoyi.

Hanya mai sauƙi ita ce manhajar VCV Rack, wadda ta fito a 2017, kyauta ce, kuma tana kwaikwayon Eurorack a fuskar kwamfuta, har da wayoyin. In an sauke ta sau ɗaya tana aiki ba intanet. Duk mai sitidiyon da ke da kwamfutar haɗa waƙa yana iya farawa da gunduwa biyar ɗin nan da muka ambata.

Shawararmu ga samarin sitidiyo ita ce kada su fara da bugun da ya zo cikin Yamaha. Su je wajen mai kalangu ko mai duma a Cadawa, Gangara ko Saye Sabuwa, su nemi izininsa, su biya shi, su ɗauki kiɗa ɗaya da salula. Su dawo su saurara suna ƙirgawa: zagayen gida 8 ne ko 12, bugu nawa ne a ciki, ina tazarar take, a ina ya kauce wa lissafin. Sannan su gina shi a manhaja. A jikin fayil ɗin kuma a rubuta sunan makaɗin, sunan kiɗan, garin da shekarar, a ajiye kwafi biyu a wurare dabam, don kart memuwar ma tana mutuwa kamar kaset.