Diyyar hatsarin babbar mota: abin da doka ta tanada a Nijar

A kan hanyar ƙasa mai lamba 1, daga Yamai zuwa Dosso, Ƙonni, Maraɗi har Damagaram, manyan motocin albasa, siminti da tankokin mai ba su daina wucewa dare da rana. Idan ɗaya daga cikinsu ta buge mutum, sau da yawa maganar kan ƙare a zauren gaisuwa: mai mota ya zo da dattawa, ya ajiye wani abu, dangi su ce sun yafe. Yafiya abu ne mai kyau, amma tsakanin dangi da direba take. Ba ta shafe haƙƙin da ke wuyan kamfanin inshora, wato asiransi, wanda mai motar ke biya tun farko saboda irin wannan rana.

Dokar da ke aiki a nan ita ce kundin inshora na CIMA, yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Yawunde a 1992, ta soma aiki a 1995. Ƙasashe 14 ne ke bin ta, ciki har da Nijar, Benin, Burkina Faso, Mali, Togo da Cadi. Najeriya ba ta ciki. Kundin ya wajabta wa kowace mota inshorar ɓarnar da za ta yi wa wasu, kuma ya ba wanda aka buge damar neman haƙƙinsa kai tsaye daga kamfanin, ba sai ya bi ta hannun mai motar ba.

Wane ne ke da haƙƙi?

Mai tafiya ƙasa, mai keke, mai amalanke da fasinja suna da kariya mai ƙarfi. Ko da mutum ya tsallaka titi bai duba ba, kamfanin ba zai kafa hujja da wannan ya hana shi diyyar rauninsa ba, sai in an tabbatar da gangan ya nemi abin da ya same shi. Haka nan ba a cewa birki ne ya tsinke ko wata mota ce ta jawo, don haka babu biya. Ko direban ba shi da permi, kamfanin zai biya wanda aka ji wa rauni, daga baya ya koma kan mai motar.

Wanda ke tuƙa abin hawa mai inji hukuncinsa daban ne. Ɗan kabu-kabu direba ne a idon doka, kuma laifinsa na iya rage diyyarsa ko ya hana shi ita gaba ɗaya. Ɓarnar dukiya ma haka take: idan mai shanu ya bar su kan kwalta da dare, sakacinsa zai shiga lissafi. Direban babbar motar kansa ba ya cikin waɗanda wannan inshora ta dole ke biya, haka ma kayan da motar ta ɗauko. Ɗan kasuwar da buhunansa suka zube a hatsarin, maganarsa da mai motar ce, ko da inshorar kaya in ya yanka.

Takardar jandarma

Komai yana rataye ne a kan rahoton hatsari da jandarma ko ƴan sanda suka rubuta, wanda ake kira konsta. Shi ke nuna motar da ta yi ɓarna, sunan kamfanin inshorarta, da yadda abin ya faru. Doka ta ce a aika wa kamfanin kwafinsa cikin wata uku, kuma wanda abin ya shafa yana iya neman kwafi daga kamfanin ba tare da ya biya ba. Wanda ya yarda aka janye mota kafin hukuma ta iso, don gudun tsayar da kayan mutane, ya karya wa kansa ƙafa ta biyu. A rubuta lambar mota da ta tirelarta, a ɗauki hoton takardar inshora da waya, a riƙe sunayen shaidu. In motar daga wata ƙasa ta shigo, a duba takardar inshorar ƙetare iyaka da ta zo da ita, a ɗauki lambarta kafin ta koma inda ta fito.

Daga nan sai takardar likita ta ranar farko, da duk wani rasit na magani, hoto, aiki da kwanan asibiti. A nan ne masu zuwa wajen maɗori ke yin asara: ɗauri ba ya barin takarda, kuma kamfani ba ya biyan abin da bai gani a rubuce ba.

Yadda ake lissafi

Diyyar ba ciniki ba ce, kuma alƙali ma ba ya yanka ta yadda ya ga dama. Kundin yana da ma'auni, kuma ginshiƙinsa shi ne albashi mafi ƙanƙanta, wato SMIG, wanda aka yanka sefa 30.047 a wata a 2012, daga baya gwamnati ta amince da ɗaga shi zuwa 42.000. Mai albashi yakan nuna takardar albashinsa, ɗan kasuwa ya nuna takardun haraji. Manomi ko mai tebur da ba shi da shaidar abin da yake samu, da SMIG za a auna shi, ko da a zahiri yana samun ninkin haka. Wannan ne ya sa kuɗin kan zo ƙasa da abin da iyali ke tsammani.

Ana biyan kuɗin magani, da kwanakin da mutum ya yi bai iya aiki ba, da azabar da ya sha, da tabon da ya ɓata masa kama. Idan rauni ya tsaya inda zai tsaya, likitan bincike zai auna nakasar da ta rage bisa ɗari. Wannan adadi shi ne zuciyar lissafin. Sai nakasa ta kai kashi 50 ake biyan asarar abin da mutum zai riƙa samu, sai ta kai 80 ake biyan kuɗin mai jinya na dindindin. Maki kaɗan na iya canza rayuwar gida, shi ya sa doka ta yarda majinyaci ya je binciken da likitan da ya zaɓa.

Idan rai ya salwanta, ana biyan kuɗin jana'iza zuwa wani iyaka, da asarar abin da mamaci ke ciyar da iyali, da diyyar raɗaɗin rashi ga mata ko miji, ƴaƴa, iyaye da ƴan uwa. Kason kowa kundin ne ya tsara shi, ba rabon gado ba ne, kuma idan matan sun fi ɗaya akwai iyakar da jimillar kasonsu na raɗaɗi ba ta wucewa. Za a nemi takardar mutuwa, ta shaidar magada, ta aure da ta haihuwar kowane yaro. Wanda ba shi da ita sai ya nemi hukuncin kotu da ke maye gurbinta, kuma gara a soma wannan da wuri, don shi ya fi cin lokaci.

Tayi, sa hannu da kotu

Kamfanin ne doka ta ɗora wa nauyin gabatar da tayin diyya cikin wa'adi, ko an nema ko ba a nema ba, kuma akwai tara in ya makara. In majinyaci bai warke ba, tayin na iya zama na wucin gadi. Wanda ya sa hannu sannan ya gane ba a bi ma'aunin doka ba yana da kwana 15 ya warware, ta wasiƙa mai rajista. In ba a warware ba, kamfanin na da wata ɗaya bayan wannan wa'adi ya biya. Kason yara ƙanana ba a sasanta shi sai da izinin iyayensu da ke raye, in babu su kuwa sai da izinin alƙali ko majalisar dangi da doka ta sani.

Ba a kai ƙarar diyya kotu sai wa'adin tayin ya cika ba a daidaita ba. Mai ƙaramin ƙarfi yana iya neman taimako a ofishin hukumar ANAJJ da ke manyan kotunan jihohi. In motar ba ta da inshora, ana bin mai ita, domin shi ke ɗaukar alhakin ɓarnar motarsa da ta direbansa a bakin aiki. Damar neman diyya tana faɗuwa bayan shekara 5 daga ranar hatsarin.