Yadda Aka Kashe Ƙugin Jita, da Abin da Ya Biyo Baya

Duk wanda ya taɓa isa filin biki kafin makaɗa su fara ya san wannan ƙarar. An jona amfilifaya, ba wanda ya taɓa tsirkiya, amma lasifika tana ta ƙugi kamar rumfar ƙudan zuma. Ba aljanu ba ne, wutar lantarki ce. Wutar da ke bin wayoyinmu a Najeriya da Nijar tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka kuwa sau 60, kuma duk inda ta bi sai ta bar wani kaɗawar maganaɗisu a iska. Fiye da shekara 20 wannan ƙugi ya yi yana damun masu jitar lantarki kafin a samo masa magani. Maganin kuma bai tsaya kan ƙugin ba, sai da ya canza muryar jitar kanta.

Jitar lantarki tana da kunne, wanda masu sana'ar ke kira fikof. Maganaɗisu ne da aka naɗe da wayar jan ƙarfe siririya kamar gashin kai, zagaye dubbai, aka kwantar ƙarƙashin tsirkiyoyin ƙarfe. Idan tsirkiya ta kaɗa, sai 'yar wuta kaɗan ta taso a cikin naɗin, amfilifaya ta ɗauke ta ta ƙara mata ƙarfi. George Beauchamp ne ya fito da irin wanda ya fara karɓuwa a kasuwa, a farkon shekarun 1930 a birnin Los Angeles, tare da Adolph Rickenbacker. A 1936 kamfanin Gibson ya fitar da jitar ES-150, wadda Charlie Christian ya yi suna da ita. Bayan yaƙin duniya na biyu aka sami kunnen P-90 na Gibson a 1946, sannan Leo Fender ya zo da Telecaster, ya biyo da Stratocaster a 1954.

Dukkansu naɗi ɗaya gare su, kuma ciwonsu ɗaya. Naɗin waya ba ya tantance abin da yake ji. Yadda yake jin tsirkiya, haka yake jin taransifoma da fitilun dandali da wayoyin cikin bango. Makaɗi ya ƙara murya, ƙugi ya ƙaru tare da shi. Wasu har sai sun riƙa juyawa a dandali suna neman kusurwar da ƙarar za ta lafa.

A masana'antar Gibson da ke Kalamazoo a jihar Michigan, shugaban kamfanin Ted McCarty ya ɗora wa wani injiniya mai suna Seth Lover aikin neman mafita. Dabarar ba sabuwa ba ce ƙal, domin tun 1934 kamfanin Electro-Voice yake amfani da ita a makirufo. Abin da Lover ya yi shi ne kawo ta jikin jita. Ya jera naɗi biyu kafaɗa da kafaɗa, ya jona su yadda wutar ɗaya za ta bi hannun da ya saɓa wa na ɗayan, sannan ya sa ɗaya a kan goshin arewa na maganaɗisu, ɗayan a kan na kudu. Ƙugin da ke zuwa daga waje bai san da maganaɗisun ba, naɗin kawai ya sani, saboda haka yakan shiga biyun da fuskoki masu gaba da juna, su cinye juna kamar ƙarti biyu masu ƙarfi ɗaya suna jan igiya. Sautin tsirkiya kuwa sau biyu ake juya shi, sau ɗaya ta naɗi, sau ɗaya ta maganaɗisu, kamar rigar da aka juya baibai aka sake juyawa. Sai ya dawo daidai, ya ma ninku. Hausawa sun ce ƙarfe ɗaya ba ya amo. A nan naɗi ɗaya ne ba ya iya yin shiru. Wannan kunne shi ake kira hambaka, wato mai ture ƙugi.

An shigar da takardar neman haƙƙin mallaka a 1955, hambaka ta hau jitar Les Paul a 1957, hukuma ta amince a 1959. Ba Lover kaɗai ke wannan tunani ba. A garin Cairo na jihar Illinois, Ray Butts ya ƙera nasa mai suna Filter'Tron, wanda kamfanin Gretsch ya sa a jitocin Chet Atkins, shi ma ya sami takardarsa a 1959. A ƙasan kunnuwan Gibson na farko akwai 'yar takarda da ke cewa an nemi haƙƙin mallaka, kuma daga haruffan farko na wannan rubutu aka laƙaba musu suna PAF.

To amma kowane allazi da nasa amanu. Naɗi biyu sun fi ɗaya yawan waya, kuma suna sauraron tsirkiya a wuri biyu, don haka kaifin sautin sama yakan ragu. Muryar ta yi kauri, ta yi nauyi, ta rasa wani abu na tsinin da aka san Fender da shi. Da farko kasuwa ba ta yi rawar jiki ba. Les Paul Standard ɗin da aka yi tsakanin 1958 da 1960 ba su kai 2,000 ba, kuma a 1961 Gibson ya sauya fasalin jitar zuwa wadda aka sani da SG.

Daga Ingila sa'ar ta zo. A 1966 Eric Clapton ya jona tsohuwar Les Paul a amfilifayar Marshall, ya ƙure mata murya a faifan da ya yi da John Mayall. Da yake hambaka ta fi fitar da wuta, sai ta tura amfilifaya har sautin ya dusashe ya yi gurnani mai ja. Peter Green da Jimmy Page suka bi sahu. Abin mamaki ke nan: na'urar da aka ƙera don tsabtace sauti ita ta zama uwar kiɗa mai ƙara. A 1972 Larry DiMarzio ya fara sayar da hambaka mai ƙarin naɗi da gangan don wannan gurnani, a 1976 kuma aka kafa kamfanonin Seymour Duncan da EMG. Na EMG har batir ake sa musu, su yi tsit ƙwarai, amma ranar da batir ya mutu a tsakiyar wasa makaɗi ya shiga uku.

Akwai wani darasin a cikin tsofaffin PAF. Kowane naɗi ya kamata ya kai zagaye 5,000, amma injinan naɗin na lokacin ba sa tsayawa da kansu, sai ma'aikaci ya tsayar. Saboda haka da wuya a sami biyu da suka yi daidai. Wannan 'yar tazara tana barin ɗan ƙugi ya tsira, amma tana barin ɗan kaifi ma ya tsira. Ba a kuma tsoma su cikin narkakken kaki ba, don haka wayar takan girgiza ta yi kururuwa idan ƙara ta yi yawa. Daga baya masana'antu suka gyara duka biyun, kunnuwan suka zama abin dogaro, makaɗa da yawa kuma suka ce wani abu ya tafi. A yau ana sayen Les Paul ta 1959 da dubban ɗaruruwan daloli, masu ƙera kunnuwa kuma suna kwaikwayon kuskuren da gangan. Shi kansa Lover, wanda ya koma Fender a 1967, ya haɗa hannu da Seymour Duncan a ƙarshen rayuwarsa suka sake ƙera irin na asali, kafin rasuwarsa a 1997.

Masu son muryar naɗi ɗaya ma ba su haƙura ba. An koma juya kunnen tsakiya na Stratocaster, ta yadda in an haɗa shi da maƙwabcinsa ƙugi zai mutu. Wasu suka ɗora naɗi kan naɗi a gida ɗaya, na ƙasa aikinsa cinye ƙugi kawai, kamar yadda Fender ya yi a kunnuwansa na 1998. Duk da haka gardamar ba ta mutu ba, kuma ta iso har Agadas, inda jitar Abzinawa ta girma a bukukuwan da ake yi da janareta. Mdou Moctar, wanda ya zaga duniya da kiɗansa, Stratocaster yake riƙewa a hannun hagu, jitar da aka santa da tsinin murya.

Shekara 70 ke nan injiniyoyi suna ƙoƙarin raba sauti da hayaniya, kuma duk lokacin da suka share hayaniyar ƙarƙaf, sai makaɗa su ce a dawo musu da kaɗan. Injiniya yana iya auna ƙugi da na'ura. Nawa za a bari, nawa za a kashe, wannan kuma hukuncin mai riƙe da jita ne.