Maɓallin da Ke Ƙarƙashin Babban Yatsa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin harbi a bayan garin Jos da sassafen watan Disamba ya san abin da sanyi yake yi wa yatsu. Gari ne a kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, idan iskar hunturu ta biyo ta tsakanin duwatsu sai hannu ya ƙage, ka taɓa ƙarfe ka ji kamar da hannun wani ka taɓa. A irin wannan safiya ce wata yarinya, las kofur, ta tsaya a gabana da fistol a hannu. Harsashinta ya ƙare, tana ta laluben maɓallin da zai saki magazin, babban yatsanta ya ƙi kaiwa. Sai da ta karkata bindigar a tafin hannunta ta danna, ta sake gyara riƙo, sannan ta ci gaba. Kafin nan na kusa da ita ya gama. Ta juyo idonta ya ciko, ta ce, "Baba, saitina ya fi nasa, amma kullum a nan yake wuce ni."

Gaskiya ta faɗa. Na yi shekaru masu yawa ina kula da ma'ajiyar makamai, wadda muke kira amori a bariki, daga baya aka ɗora mini horar da masu shiga gasar harbi da ƙaramar bindiga. A tsawon wannan aiki na ga gwanaye da yawa sun faɗi gasa a wurin canjin magazin, bayan sun yi harbin da babu abin kushewa a cikinsa.

Magazin shi ne gidan harsashi, ɗan dogon akwatin ƙarfe da ake turawa ta ƙasan mariƙin fistol. A ciki akwai ɗan haƙori da sifirin ke tokare da shi, shi ke riƙe magazin kada ya zame. Idan aka danna maɓalli sai haƙorin ya janye, magazin ya faɗo, a tura wani. Maɓallin bai fi ƙwayar gyaɗa girma ba a yawancin bindigogin aiki. Amma inda za a sa shi, da girman da za a ba shi, magana ce da maƙera da maharba suka shafe sama da shekara 100 suna yi.

Kakana maharbi ne, da bindigar toka yake farauta, irin wadda ake yi wa laƙabi da harba-ruga. Sunan ya faɗi komai: idan ka harba sau ɗaya, kafin ka zuba albarushi ka ɗura ka danna, abin da ka harba ko dai ya faɗi, ko ya tsere, ko ya iso kanka. Na tashi ina ganin maharbi yana kai wa maƙeri bindigarsa a sassaƙe masa ƙota har ta zauna masa a kafaɗa. Tun a can na san cewa kayan aiki a kan jikin mai shi ake auna shi, kuma lokacin da ya fi haɗari ga maharbi shi ne tsakanin harbi da harbi.

Da Turawa suka fara ƙera fistol mai magazin a cikin mariƙi, sai suka rabu gida biyu. Luger ta Jamus, wadda sojan ƙasar suka ɗauka a 1908, maɓallinta yana gefen hagu, bayan kunama. Haka ma Colt ɗin da John Browning ya zana, wadda sojan Amurka suka ɗauka a 1911, da Browning Hi-Power ta 1935 da aka ƙera a Beljiyam, mai cin harsashi 13, wadda da yawanmu da ita muka koyi harbi. Ɗaya gidan kuwa sun sa makamar a can ƙasan mariƙi, wajen dunduniyar bindiga, kamar a Walther P38 ta Jamus da Makarov ta Rasha. Wannan sai da hannu na biyu ake buɗe ta, a zare magazin da yatsu. Suna da hujjarsu: sojan da aka ba magazin biyu kacal, idan ɗaya ya faɗa cikin laka ko dusar ƙanƙara bai sani ba, ya yi asarar rabin abin da yake da shi. A wurinsu gara a yi jinkiri da a yar.

Gasa ce ta karkatar da ma'auni. Harbin fistol na Olamfik ba ya neman a canja magazin agogo yana tafiya. A harbin sauri na mita 25, harsashi 5 ake ɗurawa, a harbe su cikin sakan 8 ko 6 ko 4, sannan a sake ɗuri a natse. Amma a shekarun 1950 wani tsohon hafsan sojan Amurka, Jeff Cooper, ya fara shirya wata irin gasa a Big Bear Lake ta jihar Kalifoniya, inda ake zaro bindiga daga kube a yi harbi, wanda ya riga samun abin bara shi ya ci. A can ne wani ɗan sanda, Jack Weaver, ya ci gasar 1959 da riƙon hannu biyu, alhali kowa da hannu ɗaya yake harbi. Daga wannan tushe aka yi gasar duniya ta farko a Zurik a 1975, Ray Chapman ya lashe, aka kuma kafa ƙungiyar IPSC a garin Kolumbiya na jihar Mizuri a 1976, Cooper ya zama shugabanta na farko. Afirka ba a bar ta a baya ba: gasar duniya ta 1977 a Salisbury aka yi ta, wato Harare ta yau, ɗan ƙasar Dave Westerhout ya ci, ta 1979 kuma aka yi ta a Afirka ta Kudu.

Taken ƙungiyar abu uku ne, saiti da ƙarfi da sauri. Yadda suke lissafi kuwa shi ne a ɗauki makin da ka samu a raba da sakan ɗin da ka ɓata. Da zarar an ce lokaci zai raba maki, kowane motsin yatsa ya zama abin ƙirgawa. Gwanayen duniya suna canja magazin cikin abin da bai wuce sakan 1 da 'yan kai ba. Wanda sai ya juya bindiga a hannunsa kafin ya kai ga maɓalli, a kowane canji yana zubar da rabin sakan ko fiye, a zagaye ɗaya kuma yana iya yin canji 2 ko 3. Nan maƙeran bindigar gasa suka shigo. Suka fara da ƙara wa maɓalli tsawo ya ɗan fito waje, suka koma ɗaura masa faffaɗan kai mai kaushi kamar magagari don kada yatsa ya zame, wasu har suka yi mai kama da harshen cokali da ke miƙowa baya ya tarbi babban yatsa. Makamar dunduniya ta fita daga fagen gasa. Ko Beretta 92, wadda ta fara da maɓalli a ƙasan mariƙi, sai da aka matso da shi bayan kunama kafin sojan Amurka su ɗauke ta a 1985.

Amfanin babban maɓalli a fili yake. Mai gajeren yatsa yana dannawa riƙonsa bai motsa ba, idonsa bai bar abin bara ba, bakin bindiga bai kauce daga inda doka ta ce ya kalla ba. Wannan na ƙarshe ya fi komai muhimmanci a wurina, domin yawan juya bindiga a tafin hannu shi ke sa bakinta ya waiwayi inda mutane suke.

Sai dai garin neman gira akan rasa ido. Wani hafsa ya taɓa dawowa daga kwas a ƙasar waje da irin wannan faffaɗan maɓalli a aljihunsa, ya nemi izini aka ba shi, na ɗaura masa a kan bindigar atisaye. Mako biyu yana ba kowa mamaki da saurinsa. Ranar gwaji sai aka zo zagayen da ake ajiye bindiga a kan tebur, a kwance ta gefen hagu. Aka busa usur, ya kifa hannu da ƙarfi zai ɗauka, katakon tebur ya danna masa maɓallin. Ya ɗaga ya yi harbi ɗaya, magazin ya zame ya faɗi a kan takalminsa, harsasai suka warwatse cikin tsakuwa. Ya tsaya yana kallon hannunsa. Da yamma ya same ni a amori ya ce, "Saje, me ya faru?" Na ce, "Ranka ya daɗe, maɓallin bai san bambancin yatsanka da tebur ba." Abin da ke faruwa ke nan: tebur yana danna shi, kube yana danna shi, tafin hannun hagu na mai babban hannu yana danna shi yayin da bindiga ta zabura, kujerar mota ma tana iya danna shi alhali mutum yana zaune bai sani ba.

Su ma masu gasar sun ga haka, suka gindaya iyaka. A IPSC aka raba bindigogi rukuni-rukuni. Akwai rukunin da aka sakar wa mara, kowa ya ƙawata tasa yadda ya so. Akwai wanda dole bindiga da magazin a jikinta ta shiga wani akwati mai tsawon milimita 225, faɗin 150, kaurin 45, saboda haka maɓallin da ya cika fitowa waje zai hana akwatin rufuwa. Akwai kuma rukunin bindigar da ba a yarda a yi mata gyara mai yawa ba bayan fitowarta daga masana'anta. A 1996 wasu maharba a Amurka da suka ga gasar ta koma ta kayan ƙawa suka kafa IDPA, don a riƙa harbi da irin bindigar da ake rataya a ƙugu a wurin aiki. Daga baya masana'antu suka ɗauki matsakaiciyar hanya. Glock ta fito da zubinta na huɗu a 2010 da maɓalli mai ɗan faɗi wanda ake iya mayar da shi ɗaya gefen saboda bahago. CZ Shadow 2 ta ƙasar Cek, wadda ta fito a 2016, tun daga masana'anta take zuwa da babban maɓallin da ake iya gyara zamansa.

Mu a nan labarinmu ya bi ta wata hanya daban. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta sa fistol da libarba a sahun makaman da aka haramta, sai da izinin shugaban ƙasa, alhali bindigar toka kwamishinan 'yan sanda na jiha ne ke ba da lasisinta. Saboda haka harbin fistol na gasa a hannun masu kaki ya girma. Jos kuwa gari ne na masu kaki, ga hedikwatar runduna ta 3 ta soja a Rukuba, ga kwalejin horar da manyan jami'an 'yan sanda. Gasanninmu na tsakanin bataliya da bataliya ne, har zuwa babbar gasar ƙananan makamai ta sojan ƙasa, wadda aka kai ta dajin Sambisa a 2017. Bindigar da za ka yi gasa da ita ta gwamnati ce, mai lamba, a rubuce a rajista. Yau tana hannunka, gobe tana ƙugun wani a bakin aiki. Ba a sa mata magagari, ba a canja mata ko ƙusa ɗaya sai da takarda.

Tunda ba mu da ikon gyara ƙarfe, sai muka koma gyara hannu. Bahago muka koya masa dannawa da ɗan ali. Mai dogon yatsa muka koya masa inda zai kwantar da shi kada ya danna ba da niyya ba. Ita kuwa las kofur, na ce mata, "'Yata, hannun hagunki ai zai bar bindigar ya tafi ɗauko sabon magazin. To, ya danna maɓallin da babban yatsansa a kan hanyarsa ta tafiya, na dama kuma ya tsaya inda yake." Muka shimfiɗa bargo a ƙasa don kada bakin magazin ya lotse, muka tabbatar babu harsashi ko ɗaya a ɗakin, ta yi ta maimaitawa kowace safiya kafin fareti. Na sa ta riƙa cusa hannuwanta a hamata har sai an kira lambarta, don sanyi kada ya kashe mata yatsu. Yau da gobe ka sa allura ginin rijiya. Bayan wata 3 ta daina kallon maɓallin, a gasar da ta biyo baya kuma ta wuce wancan abokin nata.

Ban taɓa ƙin babban maɓalli ba. Da ina da ikon zaɓar wa yarinyar nan bindigar gasa tata ta kanta, da na sa mata mai ɗan faɗi, domin ba laifinta ba ne da aka auna bindigar da hannun ƙaton namiji. Abin da nake faɗa wa matasan da suka gaje mu shi ne su auna hannu kafin su nemi ƙarfe. Mutum ya riƙe bindiga yadda zai yi harbi, ya miƙa babban yatsa. Idan ya kai ba tare da riƙo ya motsa ba, a bar masa maɓallinsa. Idan bai kai ba, a ƙara kaɗan, daidai abin da zai kai, sannan a gwada a kan tebur, a cikin kube, a kwance rub da ciki, a zaune a mota. Bindigar da za ta fita aiki kuwa a bar ta yadda ta zo.

Mu mutanen Jos mun san nauyin bindiga. Wanda ya ga rikicin 2001 da na 2008 da na 2010 a garin nan ba ya yin maganarta da wasa, shi ya sa nake ganin hujjar waɗancan tsofaffin maƙera masu makamar dunduniya ba ta mutu ba. A filin gasa magazin da ya faɗi maki ne ya zube. A kan titi kuwa harsashi 13 ne suka bar hannun hukuma, ba a san wanda zai tsince su ba. Kowace yamma bayan atisaye, kafin kowa ya tafi gida, sai mun jera magazin a kan tebur mun ƙirga, mun goge ƙurar da suka kwaso, mun duba bakin kowanne. Ita wannan yarinya, wadda yanzu take horar da wasu, takan tsaya kusa da ni tana ƙirgawa a bayyane. Sai lissafi ya cika nake sa hannu a rajista, in ja ƙofar amori in sa kwaɗo.