Tukunyar Mai Jego a Fagge da Sabon Gari

Ya ku 'yan makaranta, in an ce tarihi, abin da kan fara zo muku a rai shi ne sarakuna da yaƙe-yaƙe da shekarun da aka ci garuruwa. Ba laifi, waɗannan ma tarihi ne. Amma akwai wata tukunya wadda kowane ɗayanku ya ci albarkacinta tun bai san hannunsa na dama ba, watau tukunyar da aka ɗora wa mahaifiyarsa ran da aka haife shi. Ita ma tana da nata labari, kuwa labarin ya taɓo hamada, ya taɓo kurmi, ya taɓo hanyar jirgin ƙasa. Ba inda za a fi ganinsa sosai kamar unguwannin nan biyu na bayan badala, Fagge da Sabon Gari.

Mu fara da yadda abin yake cikin birni tun dā. Yarinya in ta sami cikin fari, watannin haihuwa suka matso, sai a mai da ita gidan iyayenta goyon ciki. Can tsofaffi ke tsare bakinta. Babban abin da su kan hana ta shi ne kayan zaƙi, irin su zuma da rake, domin sun ɗauka zaƙi ya kan taru a jiki ya tsare hanyar haihuwa, har akwai saiwoyin da a kan jiƙa mata wai maganin zaƙi. A gidaje da yawa kuma a kan hana ta ƙwai, kowace tsohuwa da irin dalilin da ta ke bayarwa. Wannan hani na ƙwai hasara ce tsantsa, gama ƙwai yana cikin abincin da ya fi gina jikin mai ciki, ga shi da araha. Kwaɗayi kuwa ba a hana mata, don an san halin ciki. In ta ce tsire ta ke so ko da bayan lisha ne, maigida na kirki ya kan ta da yaro ya nufi bakin tukuba.

Ran da ta sauka, sai aikin wuta ya tashi. A girka ƙatuwar tukunya a tafasa ruwa, a tsoma ganye a riƙa fyaɗa mata a jiki, safe da maraice, har kwana arba'in, wasu ma su zarce. A ɗaki ga gadon ƙasa an hura garwashi ƙarƙashinsa. Abin shanta kunun kanwa ne, na gero, da zafinsa. Kafin ranar suna mijin ya kan kawo ƙauri, watau ƙafafun sa, a dafa su da yaji har su yi ligif, ta ci, a rarraba wa dangi da maƙwabta. Ga kuma yajin jego da aka daka tun ciki na wata bakwai ko takwas: citta, da kanumfari, da masoro, da kimba, da barkono, da daddawa. Duk hikimar abin guda ce. Kakanninmu sun ɗauki sanyi shi ne babban abokin gaban mai jego, saboda haka aka kewaye ta da zafi ciki da waje. Wanda ke son ya ji yadda matan dā ke ba da labarin wannan da bakinsu, sai ya nemi littafin Baba ta Karo, wata tsohuwa ta ƙasar Zazzau wadda wata Baturiya, Mary Smith, ta rubuta maganarta cikin 1949 da 1950, aka buga cikin 1954. Abin mamaki, ita Baba ba ta taɓa haihuwa ba, 'ya'yan riƙo ta yi ta goyo, amma ta san sha'anin ɗakin jego ciki da bai.

To, ku ɗauki kayan nan ɗaya ɗaya ku tambayi kanku, ina aka samo su? Gero dai na gonarmu ne, daddawa ma daga ɗorawarmu ta ke. Sauran kusan duk baƙi ne. Kanwa daga gabas da arewa maso gabas ta ke zuwa, daga ƙasar Mangari da Muniyo da bakin tafkin Cadi, inda a ke haƙo ungurnu. Gishirin kantu kuwa Azbinawa ke kawo shi bisa raƙuma daga Bilma. Baturen nan na Jamus, Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, da ya sauka Kano cikin 1851, ya ƙiyasta kanwar da ke ratsa garin a shekara ba ta gaza kaya dubu ashirin ba, na takarkari da na doki da na jaki. Fagge kuwa zango ne na ayarin arewa tun kafin Turawa, fili ne a wajen ganuwa inda raƙuma ke durƙusawa. Kimba da masoro 'ya'yan kurmi ne, daga kudu fatake ke hauro da su. Kanumfari ya fi su nisan gida, asalinsa tsibiran gabas ne can bayan ƙasar Hindu. Barkono, da mu ke gani kamar da shi aka halicci miyarmu, daga Amurka ya fito, bai iso ƙasashen baƙar fata ba sai bayan 1492. Har ganyen wankan ma haka ne. Tsamiya tamu ce, amma darbejiya, wadda mata da yawa suka koma yin wanka da ita, itaciyar ƙasar Hindu ce, cikin 1928 aka fara dasa ta a lardin Barno. Ashe abin da tsohuwa kan ce haka muka tarar tun kaka da kakanni, wani yankinsa bai girmi kakarta ba.

Yanzu sai maganar cin abinci a waje. Kada ku zaci baƙon abu ne da zamani ya kawo. Clapperton, Baturen Birtaniya da ya zo Kano cikin 1824, ya ba da labarin kasuwar Kurmi, ya ce kusa da mahauta ya ga masu gashi sun kafa tsinkaye kewaye da wuta, an jera musu tsoka da kitse bi da bi, ga mata kuma zaune suna sayar da abin sha na gero. Kun ga tsire da fura ke nan. A gidan Bahaushe na birni tuwon dare shi ne girkin gida na tilas. Kalaci da abincin rana sau da yawa saye a ke yi, koko da ƙosai, waina, ɗanwake, dambu, fura. Masu yin su kuwa matan aure ne da ke cikin kulle, yara ke kai musu talla. Wata masaniya daga Amurka, Enid Schildkrout, ta zauna Kano cikin shekarun 1970 tana binciken wannan ciniki, ta nuna yadda mace ke riƙe da sana'a sosai ba ta taka ƙofar gida ba, da ƙafafun yara kaɗai.

Ku lura da abin da haihuwa ke yi wa wannan tsari. Mai jego ba ta girki, ba ta sana'a, har ta yi arba'in. In tana da kishiya, girki ya koma hannun kishiya. In ba ta da ita, uwa ko goggo ko wata tsohuwar dangi ta zo ta zauna. Kuɗin barka da gudummawar ƙawaye ranar suna, waɗanda wasu ke gani almubazzaranci ne, a ganina su ne ke toshe gurbin jarin da ya kwanta kwana arba'in. Birni ya san yadda zai ɗauki nauyin 'yarsa, gama kowa na da dangi a lungu na gaba.

Wahalar tana ga baƙo. Turawa suka ci Kano cikin 1903, hanyar jirgin ƙasa ta iso cikin 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe cikin 1912, mutane suka yi ta kwararowa. Fagge ta cika da 'yan ci-rani da dillalai da leburori, da Larabawa da Kwarori masu kantuna a gefenta. Cikin 1913 aka yanka filin Sabon Gari domin ma'aikatan da suka zo daga Kudu da bakin teku: akawuna, da masu aikin jirgi, da kafintoci, da teloli, Yarabawa da Nufawa da mutanen Saliyo da na Gwalkwas, daga baya Ibo suka rinjaye su duka da yawa. Galibinsu samari ne, ko gwauraye, ko sababbin aure a ɗakin haya guda. Irin wannan mutum ran da matarsa ta haihu, wa zai hura wuta? Shi ga aiki yana jiransa da sassafe, uwarsa kuwa tana can nisan ɗaruruwan mil. Nan masu tuwo-tuwo na Fagge da matan Yarabawa masu dafa abinci a rumfunan Sabon Gari suka sami kasuwa. Mai jegon da ba ta da kowa, da kwanon saye da taimakon matan gidan haya ta kan yi arba'in ɗinta, ruwan wanka a saya wurin 'yan garuwa, itace a saya ɗauri ɗauri. Ruwan famfo bai zo Kano ba sai 1931, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da aka jawo shi daga kogin Calawa. Ku auna da kanku tulu nawa a ke bukata a tafasa sau biyu kullum har kwana arba'in.

Su Ibo suna da wata al'ada da su ke kira omugwo, watau uwar mace ta taso ta zo ta zauna da 'yarta in ta haihu, ta yi mata gashin jiki da ruwan zafi, ta dafa mata abinci, ta yi wa jariri wanka. Da hanyar jirgi ta gabas ta haɗu da ta Arewa cikin 1927, aka kuma gama gadar Makurɗi bisa Binuwai cikin 1932, sai ya zama tsohuwa na iya hawa jirgi daga Fatakwal ko Inugu da doyarta da busasshen kifinta, ta sauka tashar Kano. Abin da ta kan fara dafa wa 'yarta shi ne farfesun doya mai ruwa-ruwa, da zafi, da yaji. Kayan yajin da ta ƙullo a bakin zane su na kira uda da uziza. Ku je kasuwar Sabon Gari ku ce a nuna muku su: uda ita ce kimba, uziza kuwa masoro. Ni dai ran da na gane wannan na daɗe ina mamaki. Ga mata biyu, tsakaninsu tafiyar 'yan mintoci, ba mai jin harshen wata, addini daban, kowace tana ganin abincin 'yar'uwarta abin ƙyama ne, alhali 'ya'yan itace iri ɗaya su ke dakawa, don tsoron abu ɗaya.

Sannu a hankali tukwanen suka ari juna. Garin rogo da manja da burodi suka tsallaka Fagge har suka shiga birni, shayi da madarar gwangwani suka zama kayan da a ke kai wa mai jego gaisuwa. Mutanen Sabon Gari kuma suka saba da tsire da kilishi da fura. Tashin hankalin 1953, da wanda ya fi shi muni na 1966, sun watsa gidaje da yawa na Sabon Gari, amma bayan an gama yaƙin basasa cikin 1970 mutane suka komo, rumfunan abinci suka sake buɗewa.

Saura magana mai nauyi. Likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun lura mata da yawa na zuwa musu 'yan makonni bayan haihuwa da kumburin ƙafa da haki, zuciyarsu ta gaza. Biyu daga cikinsu, Davidson da Parry, suka bi sawun mata 224, suka buga abin da suka gani cikin 1978. Sun ƙiyasta ciwon na kama wajen mace ɗaya cikin ɗari da suka haihu a can, ya kan fi yawa kuwa wajen watan Yuli, bayan zafin bazara, sa'ad da iska ta yi nauyi da laima. Suka tuhumi kanwa da zafi. Dalilinsu shi ne, kanwa 'yar'uwar gishiri ce, sinadarin da ke cikinta ya kan riƙe ruwa a jiki, jini ya ƙaru. Zafin wanka da na gado kuma ya buɗe hanyoyin jini na fata, sai zuciyar da ta riga ta gaji da ɗaukar ciki ta sami aikin da ya fi ƙarfinta.

Shekaru da yawa a nan magana ta tsaya. Daga baya likitocin zuciya na Kano, a ƙarƙashin Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, suka sake duba al'amarin. Suka tarar matan da ciwon ya fi kamawa su ne matalauta, ramammu, waɗanda ba su yi makaranta ba, da waɗanda jininsu ya hau lokacin ciki. Cikin 2015 kuma suka ba da labarin cewa yawancin marasa lafiyan da suka auna suna da ƙarancin wani sinadari a jini mai suna seleniyam, wanda jiki ke samu daga abinci. Watau laifin ba na abin da aka zuba cikin tukunya kaɗai ba ne, har da abin da aka rasa zubawa. Matar da ta yi wata tara ba nama ba ƙwai, aka ba ta ƙauri kwana guda, sauran kwanakin kunu, ba a yi mata adalci ba ko da ba a sa kanwa ko kaɗan ba.

Ni ba na cikin masu cewa a rushe jego. Hutun kwana arba'in, da tsohuwa a ɗaki, da abinci mai ɗumi da wani ya dafa ya kawo, alheri ne wanda matan manyan biranen Turai da yawa ba su samu. Abin gyara kaɗan ne: a rage kanwa, a surka ruwan wanka, a bar mai ciki ta ci ƙwai da wake da ganye, a kuma daina zubar da dakashi, watau nonon farko mai kauri da tsofaffi ke cewa ba shi da kyau, gama shi ne rigakafin farko na jariri, likitoci na son a sa shi a nono cikin sa'ar farko. Ku kuwa da kuka iya karatu, ku ne a kan aika sayen kunu da itace, ku ne ke shiga ɗakin ba a kore ku ba. In kun ga yayarku ko matar wanku ta haihu, ƙafafunta sun kumbura, tana haki daga ɗaki zuwa tsakar gida, tana tari da dare, ba ta iya kwanciya sai an tokare ta da matasai, kada ku yarda da cewa sanyi ne ya shige ta a ƙara wuta. Ku gaya wa maigidan a kai ta asibiti a ranar.